Farar Riga Mai Jan Ɗinki Uku

Masu sauraron shirin Auta sun sha gardama a kan tambarinsa. Shiri ne na murya da ake ji a waya, irin wanda ake kira fodkas, kuma ba ya maganar komai sai kisan da aka yi aka rasa wanda ya yi shi, da mutanen da suka fita gida aka daina jin ɗuriyarsu. Sunansa Farar Riga. Hoton da ke jikinsa farar riga ce mai dogon hannu, rataye a hanga, da wasu gajerun layuka uku jajaye a cikin kwala. Wasu suka ce likkafani ake nufi. Wasu suka rantse layukan nan jini ne, wasu suka ce a'a, saran wuƙa ne. Mutum in ya samu waya da lokaci, ba abin da ba zai fassara maka ba.

Duk sun yi nisa. Rigar ta gaske ce, kuma a lokacin tana rataye a shagon ubanta, can ƙarshen sandar da ake jera kayan da aka gama. Layukan kuwa zare ne.

Uban Auta mai wanki da guga ne, shi ya sa duk layin ba mai kiransa da wani suna sai Mai Guga. Shagonsa ɗaki ɗaya ne da ƙuryar ajiya, sai ɗan fili a baya inda famfo da bahuna da igiyar shanya suke. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya koɗe saboda sabulu, ga wani tsohon tabon ƙuna a wuyan hannunsa tun zamanin dutsen guga na gawayi. Ba shi da yawan magana, amma in aka taɓo tabo sai bakinsa ya buɗe. Ya san maganin mai, ya san na tawada, ya san na tsatsa. In ka kawo masa rigar da ka riga ka dirje da ruwan zafi a gida, sai ya yi maka kallon wanda ya daki yaro ba laifi, ya ce, "Kai da kanka ka dafa tabon, yanzu kuma ka kawo mini gawa in tayar?" Amma fa yakan tayar ɗin.

Bai taɓa ba kowa takardar shaida ba. Yana da allura da zaruruwa kala-kala a cikin wani gwangwanin madara. Duk wanda ya zama abokin cinikinsa sai ya ware masa alama, ya ɗinka ta a cikin kwala ko a bakin ƙugun wando, inda ido ba ya kai. Malamin makaranta baƙi biyu, nas ɗin asibiti kore ɗaya a gicciye, mai kantin magani shuɗi huɗu. Ko kaya sun kai dutse, da ya juya kwala ya san na wane ne, kuma ba a taɓa jin ya ba wani kayan wani ba. Ja uku, masu ɗan karkata hagu, na Ɗan Kwangila ne.

Ɗan Kwangila babban mutum ne a unguwar, mai gine-gine a wurare da dama, mai son fararen kaya. Ya fi kowa kawo wanki, kuma yakan tsaya ya yi raha. Saboda haka da Dogo, ɗan farin Mai Guga, ya koyi tuƙi ya zauna ba aikin yi, uban ne da kansa ya cire kunya ya roƙa masa aikin direba. Dogo ya fi ubansa tsawo nesa ba kusa ba, ga dariya kamar ba shi da wata damuwa a duniya. Yakan shigo shagon ya ɗaga Auta sama tana ihu, lokacin tana 'yar firamare, ya ce wa uban, "Baba, ka goge mini wandon nan yadda kaifinsa zai yanka tumatir." Uban ya ce, "Kawo kuɗin aiki." Ya ce, "Sa a asusun gado."

Ya yi kusan shekara biyu yana tuƙin. A ƙarshe-ƙarshe dariyar ta ragu. Uwarsa, Inna, ta tambaye shi ko lafiya, ya ce akwai abubuwan da yake gani a wajen aikin da ba su kwanta masa ba, yana son ya bari. Mai Guga ya ce ya yi haƙuri tukuna, ba a barin aiki da ka. Ba a ƙara maganar ba.

Wata safiya, Mai Guga na cikin share ƙofar shago, sai ga Ɗan Kwangila ya tuƙo motarsa da kansa. Ya miƙo wani ƙulli a baƙar leda. Da Mai Guga ya kwance sai ya ga farar riga a jiƙe, gabanta duk jini, hannun hagu ya rine har gwiwa, maɓalli biyu sun cire.

"Subhanallahi! Ranka ya daɗe, lafiya?"

"Hatsari muka tarar a hanya jiya. Mu muka ɗauki mutanen zuwa asibiti."

"Allah ya saka da alheri. Ai irinku sun yi ƙaranci. Ina Dogo? Bai kwana gida ba."

"Na aike shi. Ka taimaka ka fitar mini da wannan yau, ina son rigar."

Nan fa Mai Guga ya ajiye duk aikin da ke gabansa. Jini ba ya son jira, ba ya son zafi. Ya tara ruwan sanyi ya zuba gishiri, ya jiƙa, ya zubar, ya sake. Ruwan farko ya fito jawur, na biyu ya yi kalar shayi, yana tsiyaye shi a kwata yana kallon yadda yake gangarawa. Ya bi bakin ɗinki da tsohon buroshin haƙori, don nan ne jini ke ɓuya. Ya matsa lemon tsami inda ya yi taurin kai, ya shanya a rana, ya sa bula kaɗan da sitaci. Ya zazzage gwangwanin maɓallai har ya samo biyu da suka dace, ya ɗinka. Kafin la'asar rigar ta fito fes kamar daga kanti. Ya ɗaga ta a hasken ƙofa yana jin daɗin kansa, har ya kira Inna ta zo ta ga aiki.

Kwana biyu bayan nan aka tsinci Dogo a cikin wani rami bayan wani gini da ba a gama ba, an rufe shi da buhunan siminti.

Ba a wajen gawar abin ya faɗo wa Mai Guga ba. Sai da ya dawo shago ɗaukar wani abu, idonsa ya sauka a kan rigar, sannan ya gane jinin wa ya wanke. Ya zauna a ƙasa daɓas. Da ya samu ya miƙe, ya ɗauki rigar da hangarta ya nufi ofishin 'yan sanda a ƙafa. Jami'in da ya saurare shi ba mugu ba ne, har kujera ya ba shi. Ya juya rigar gaba da baya, ya shinshina, ya kai ta inda ake gwaji. Aka dawo da ita aka ce ba a samu komai ba sai sabulu.

"Baba," in ji jami'in, "ni ban ce ƙarya kake ba. Amma me zan kai gaban alƙali? Farar riga?"

Aka kira Ɗan Kwangila. Ya zo da lauyansa da fuskar jimami. Ya ce Dogo ya sauke shi gida da yamma ya tafi, bai ƙara ganinsa ba. Riga kuwa tasa ce, ya kai wanki kamar kullum, miya ce ta zube mata. Maganar hatsari bai san inda tsohon ya samo ta ba, amma ba ya riƙe shi a rai, wanda ya rasa ɗa ba a kama shi da abin da ya faɗa. Har ta'aziyya ya aiko da buhun shinkafa. Rigar dai bai taɓa aikowa a karɓa ba, kuma daga ranar ya canza wajen wanki.

Unguwa ta ɗauki maganar da ta fi sauƙin ɗauka. Aka ce baƙin ciki ya taɓa kan Mai Guga. In ya fara, "Wallahi da idona na ga jinin," sai a dafa kafaɗarsa a ce ya yi haƙuri, ya bar wa Allah. Wannan dafa kafaɗar ta fi zagi ciwo. Mutum ɗaya ce ta yarda da shi ɗari bisa ɗari, ita ce kuma ba ta yafe masa ba. Inna ba ta ga jinin ba, farar rigar kawai ya nuna mata, amma ta san mijinta ba ya ƙarya a kan tabo. Abin da ta ce masa bai wuce kalma biyu ba: "Da hannunka." Ba ta yi yaji ba, ba ta daina dafa masa abinci ba. Sai dai tun daga ranar ba ta ƙara barin ya taɓa ko ɗankwalinta ba. Ta riƙa wanke kayanta da kanta, matar mai wanki guda, har ciwon da ya tafi da ita.

Shekara goma sha wani abu Mai Guga yana buɗe shago yana rufewa. Ya daina ba kowa labarin. Kowane 'yan watanni yakan sauke rigar, ya kaɗe ƙura, ya bi ta da dutse don kada ta yi rawaya a ninki, ya mayar. Ya cire rai da kotu tun tuni. Abin da yake nema a duniya ɗan kaɗan ne, amma ya fi ƙarfinsa: mutum ɗaya tak da zai dube shi ya ce shi ma ya ga rigar kafin a wanke ta. Don akwai ranakun da shi kansa yakan tsaya da ita a hannu, fara tas ba ɗigon komai, ya ji zuciyarsa na tambayarsa ko dai mutane ne ke da gaskiya.

Auta ta girma a cikin wannan shirun. Ta yi karatu, ta samu aiki a wani kantin sayar da wayoyi, ta kuma gaji kafiyar uwarta. Da ta yanke shawarar fara shirin, ta gwada ɗaukar murya a ɗakinta sai amo ya yi ta dawowa. Ƙuryar shagon uban ce ta yi mata daidai, don tufafin da ke rataye ko'ina suna shanye ƙara. Saboda haka ranakun hutunta, da rana tsaka in ciniki ya kwanta, takan shige tsakanin riguna da makirfo, wani lokaci da baƙo: uwar da 'yarta ta fita sayen katin waya ba ta dawo ba, ko matar mai gadin da aka tsinci gawarsa a bakin aiki. Mai Guga na waje yana guga a hankali don kada a ji ƙarar dutse. Yana jin komai.

Labarin yayanta ne kawai ba ta taɓa yi ba.

"Baba, ka zauna ka faɗa da bakinka. Ko sau ɗaya."

"In faɗa wa wa? Waɗanda suka san ni ma ba su yarda ba, balle waɗanda ba su taɓa ganina ba."

"To ka bar ni in sa wa shirin sunan rigar."

Ta zaci zai ƙi, sai ya ce ta sa. Da mai zane ya aiko da hoton tambarin ta nuna wa uban a waya, ya kawo fuskarsa kusa, ya tsuke ido, ya girgiza kai.

"Wannan rigar kowa ce. Ba ta da mai ita."

Ya sauko da ta gasken, ya buɗe kwalar, ya ce a zana abin da ke nan yadda yake, uku, ja, su karkata hagu. Auta ta ce in Ɗan Kwangila ya gani fa? Ya ce wanda duk ya gane, to ya daɗe da sani. Gida ɗaya ne a duniya da aka yi shekaru ana ninke kaya masu wannan alama.

Shirin ya karɓu. Mutane suka yi ta turawa juna, hoton rigar ya shiga wayoyin da Auta ba ta san adadinsu ba. Mai Guga bai taɓa tambayarta mutum nawa suka saurara ba. Amma ta lura duk motar da ta tsaya a ƙofar shago sai ya ɗaga kai, abin da ya daɗe da dainawa. Aka yi watanni, shiru kake ji. Sai ma labari ya zo cewa Ɗan Kwangila ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi. Ranar Mai Guga bai ci abinci ba. Ba tausayi ba ne. Gani ya yi bakin da ya rage wanda zai iya faɗa, shi ma an rufe shi.

Wata ranar Asabar da hantsi, Auta na ƙurya tana haɗa wayoyinta, wata dattijuwa ta sauko daga tasi ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta riƙe da wanki. Mai Guga ya gane ta duk da ta rame: matar Ɗan Kwangila ce, wadda a da takan aiko da labule da zannuwan gado.

"Hajiya, sannu da zuwa. Ga kujera."

Ba ta zauna ba. Idonta ya wuce shi ya tafi ƙarshen sanda.

"Jikata ce ke jin shirin 'yarka in tana taya ni jinya," ta ce. "Ta ajiye wayar a kan gado, na ga hoton. Malam, shekara nawa ina jera kayan nan a durowa. Ko a mafarki na ga ɗinkin nan na san shi."

Auta ta fito ta tsaya a bayan ubanta.

"Na ga rigar," in ji Hajiya. "Kafin ka wanke ta na gan ta."

Mai Guga ya dafa teburin guga da hannu biyu.

"Sake faɗa."

"Na gan ta. A bokiti na same ta da safe, ya jiƙa ta da kansa. Ya ce hatsari suka tarar."

"Hannun hagu?"

"Har gwiwa. Maɓalli biyu babu."

"Ni na sa sababbi," ya ce a hankali.

Hajiya ta ja gefen mayafinta ta toshe baki, sannan ta sauke.

"Akwai saura. Cewa ya yi zai ƙona ta. Ni na hana. Na ce rigar mai tsada ce, ka kai wa Mai Guga, ba tabon da ke gagararsa. Wallahi ban san jinin wa ba ne. Sai da aka tsinci yaron na sani, kuma na yi shiru. Ina da 'ya'ya, na ji tsoro."

Auta ta matso kusa da ita. Ta ce, "Mama, ki shigo ciki. Minti biyar. Ba zan faɗi sunanki ba, zan canza muryarki. Abin da kika faɗa yanzu kawai za ki maimaita."

"Ba zan iya ba, 'yata."

"Ba za ki iya ba? Uwata ta mutu tana..."

"Auta," in ji uban.

"'Ya'yana ba su sani ba," Hajiya ta ce, hawaye na bin fuskarta. "Jikokina suna sumbatar goshinsa kowace safiya. In an tambaye ni gobe zan ce ban zo nan ba. Na zo ne don kada in mutu ana ce maka mahaukaci ina ji."

Mai Guga ya daɗe yana kallonta. Ya zaci in ranar nan ta zo zai ji sanyi a ransa. Abin da ya ji kuwa nauyi ne, don yanzu ba sauran shakkar da zai laɓe a bayanta. Jinin Dogo ne ya zubar a kwata, baho bayan baho, yana yaba wa kansa.

Ya taka zuwa ƙarshen sanda ya sauke rigar. Ya shimfiɗa ta a tebur, ya ninke hannayen baya, ya kawo gindin sama, ya daidaita kwalar yadda ɗinkin zai fito fili. Ya zura ta a farar leda kamar yadda yake yi wa kayan kowa.

"Baba, me kake yi? Ita kaɗai gare mu!"

"Na ajiye ta ne don wani ya shaide ta. An shaide ta." Ya juya ga Hajiya. "Maigidan naki yana gani?"

"Yana gani. Yana ji. Magana ce babu."

"To ga kayansa, sun daɗe da gamuwa. Ba na riƙe kayan mutane." Ya miƙa mata da hannu biyu. "Ke kike sa masa kaya da safe, ko? Ki sa masa ita. Ki ɓalla masa har maɓallin wuya."

Hajiya ta kalli ledar kamar za ta ƙone ta. Daga ƙarshe ta karɓa, ta rungume ta a ƙirji a ƙarƙashin mayafi, ta fita ba sallama. Ko ta sa masa, ko ta jefar a hanya, ba wanda ya sani, ba ta kuma sake dawowa ba.

Auta ta koma ƙurya ta zauna a cikin tufafin mutane tana kuka mai sauti, ga makirfo a gabanta a kashe. Ba ta da murya ko ɗaya da za ta sa wa duniya. Har yau masu sauraro na tambayarta ma'anar layuka ukun, takan ce alamar wanki ce, su ɗauka wasa take.

Mai Guga kuwa ya mayar da hangar wurinta ba komai a jiki. Ya jawo rigar malamin makaranta daga cikin kwando, ya yayyafa mata ruwa, ya ɗora dutse. Warin ƙuna ne ya fito da Auta a guje. Ta same shi tsaye, hannunsa a kan dutsen, hayaƙi na tashi ta gefe, idonsa a kan hangar. Sai da ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya sannan ta iya ɗagawa. Shatin dutsen ya fito baƙi ƙirin a tsakiyar bayan rigar.

Ya dubi wurin, ya shafa shi da babban yatsa kamar mai neman ta inda zai fara.

"Wannan ba ya fita," ya ce.